Ku Zo da Bokitanku

Ku matso kusa, 'yan uwana, yau ba da dariya na zo muku ba. Da yawanku kun yi ta tambaya ko an sa rana, har wata ta ce in ajiye mata kujera a sahun gaba. Baiwar Allah, riƙe kujerarki tukuna. Da hannun hagu nake latsa wayar nan, don na dama har yanzu shatin mariƙin bokiti bai bar shi ba, kuma ba a ɗakina nake zaune ba.

Ga wanda yau ya fara cin karo da labarina, ni ce auta a gidanmu. Ina aiki a ƙaramin asibitin unguwa, ɓangaren awon jarirai, shi ya sa mata ba su san ni da wani suna ba sai Anti Nas. Babanmu shi ne ciyaman na jam'iyyar Shuɗi a mazaɓarmu, kuma in na ce muku shuɗi to shuɗi nake nufi. Ƙofar gidanmu shuɗiya ce, hularsa shuɗiya, har butar alwalarsa ba ta tsira ba. Umma ta taɓa sayo kwanon sha rawaya don ya yi mata arha, bai kwana a gidan ba, saboda rawaya launin 'yan adawa ne. Ni kuwa da zuciyata ta tashi kwaso min aiki, sai ta tsallake duk samarin Shuɗi ta ɗauko sakataren matasan Rawaya.

Injiniya ake ce masa, ko da yake ni da shi mun san ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba. Yana da rijiyar burtsatse tasa a bayan tasha, da 'yan garuwa masu tura kura cike da jarkoki suna sayar masa da ruwa layi-layi. A wayata sunansa Mai Gyaran Waya, saboda Yayanmu mutum ne mai ɗaukar wayar mutane ya ce lokaci zai duba. Ranar da na fara ganinsa wata mata ce ke naƙuda a asibitinmu, ko ruwan wanke hannu babu. Ya ji labari ya turo kura guda bai karɓi ko sisi ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya ko an sauka lafiya. Tun daga ranar nake sonsa, son da na rasa inda zan ajiye shi.

Ruwa shi ne ciwon unguwarmu. Akwai famfon jama'a a filin da ke gefen asibiti, da tankinsa a kan dogayen ƙarafa, amma rabon da ya ɗiga tun ina 'yar makaranta. Mai hali ya saya wurin 'yan garuwa, mara hali ya gangara kududdufi. Ni nake ganin sakamakon a kan sikeli. Jariri ya zo wannan watan da kumatunsa, wata mai zuwa gudawa ta zuƙe shi. Na taɓa ce wa Injiniya, tunda ya san kan rijiya, me zai hana ya duba mana wannan don Allah. Ya yi dariya ya ce so nake in auri mai zaman kashe wando? Ni ma na yi dariya. Ku riƙe wannan dariyar, za mu dawo kanta.

Da zaɓe ya matso, Honarabul, ɗan takarar Shuɗi, ya ba da kwangilar gyaran famfon, kuma Yaya ne ya samu. Aka kewaye filin da kwanon rufi. Ba a jima ba Yaya ya shigo da mota sabuwa fil, ya kai ni wurin kafinta ya ce in zaɓi gado da kujerun da raina ke so. Na zaɓa, har da madubi mai fitila, ban tambayi komai ba.

Maganar aurena kuwa an daɗe ana jan ta, don Baba ya rantse ba zai haɗa jini da ɗan Rawaya ba. Umma ce ta yi ta binsa da lallami har ya sauko. Ya kira ni falo, ya kashe rediyo, ya ce:

"Bari a buɗe famfon nan lafiya, Honarabul ya ji daɗi, sai yaron ya turo magabatansa. Amma ki gaya masa, ranar da zai shigo gidan nan ya bar hularsa a mota."

Na fito kamar in taka rawa. Aurena ya rataya a kan famfo, ni kuma a lokacin gani nake ba abin da ya fi haka sauƙi.

Sai Yaya ya zo min da tasa buƙatar. Matan unguwa sun daina fitowa taron siyasa, sun gaji da tafi a rana a koma gida da alkawari. Amma ni suna jin maganata, don haka in tara masa su ranar buɗewa. Muna da zauren iyaye mata a waya, inda nake tuna musu ranar rigakafi. Na shiga ɗaki na danna na yi magana. Mata kawai ya ce in tara masa, sauran ni na ƙara don murna ta cika ni:

"Iyayena da yayyena, wahala ta ƙare. Ranar Asabar za a buɗe famfo. Ku zo da bokitanku da jarkokinku, har da tukwane in kuna da su. Ni Anti Nas na gaya muku, in ƙarya ce ku kama ni."

Kafin in ajiye wayar addu'o'i sun fara shigowa. Maman 'Yan Biyu, wadda bakinta ba ya shiru, ta ce da don 'yan siyasa ne ko tsakar gida ba za ta fito ba, amma tunda Anti Nas ce har bahon wanka za ta kawo. Washegari Iya ta zo asibiti. Tsohuwa ce a ƙarshen layinmu, gwiwarta ta daɗe da ƙi, tana riƙon jikarta da uwar ta rasu ta bari. Ba ta da waya, maƙwabciya ce ta kunna mata saƙon. Na ɗora yarinyar a sikeli, ta sake raguwa. Iya ba ta ko kalli sikelin ba, ni ta kalla, ta tambaye ni da gaske ne. Na dafa ƙirji na ce da gaske ne, Iya, ki zo da bokitinki.

Ana gobe buɗewa, bayan la'asar, Umma ta ba ni kular abinci in miƙa wa Yaya a fili. Ban taɓa shiga cikin kwanon nan ba. Na tura ƙyauren, warin fenti ya tare ni. Mai fenti na kan tsani yana shafa wa tanki shuɗi, a inda ya kankare kuwa ana ganin rawaya, ƙarƙashin rawayan wani tsohon shuɗi. Sai na ji gurnanin mota ta bayan katanga. Tankar ruwa ce, an tsallako da tiyonta an kai shi har bakin tanki. Na juya wajen rijiyar da ya kamata ta ba tankin ruwa. Murfinta na nan yadda na san shi tun ina yarinya, fenti kawai aka shafa masa. Sabuwar wayar lantarki ta fito daga akwatin wuta ta bi ƙasa ta ƙare a cikin ciyawa, ba ta haɗu da komai ba.

Yaya ya taho da sauri yana cewa wa ya ce in shigo. Na tambaye shi ina injin da zai jawo ruwan, ya ce yana hanya, na ce wace hanya. Ya ja ni gefe ya yi min bayani kamar mai koya min girki. Haka ake yi, in ji shi, 'yan Rawaya ma haka suka yi a nasu lokacin, ban ga fentinsu ba? Ana zuba ruwa a tanki, Honarabul ya yanke ƙyalle ya murɗa famfo, mata 'yan kaɗan da aka zaɓa su tara bokiti, a ɗauki hoto, ya shiga mota, a rufe wurin a ce ana gwaji. Ko cika tankin ma ba za a yi ba, ƙarafan sun ci tsatsa, in ruwan ya wuce rabi zai iya rufto wa mutane.

"Yaya," na ce, "na gaya wa matan unguwa kowa ta zo da bokitinta."

Ya ajiye kular a ƙasa a hankali. Ya sa na kunna masa saƙon, gumi ya karyo masa. Ya ce in goge, na ce an riga an ji. Ya ce in sake wani, na ce in ce musu me, ruwa ya zo amma kar a ɗiba? Nan ya fusata, ya ce shi mata ya ce ba bokitai ba. Da na ce masa ni nake auna jarirai ina ganin abin da ruwan kududdufi ke yi musu, sai ya dube ni sama da ƙasa.

"Gadon da kika zaɓa, da madubi mai fitila, daga sama kika zaci sun faɗo? In abin nan ya tonu, Baba ya rasa kujerarsa, ni a ɗaure ni, ke kuma ki manta da aure. Tare muke ciki, Auta."

Ban san yadda na kai gida ba. Na tarar da Umma tana goge leshin da zan sa, shuɗi mai duwatsu, mayafi da takalmi an jera a bakin gado. Na zube a gabanta na gaya mata. Ba ta ɗago daga gugar ba, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in rufa wa ɗan uwana asiri Allah ya rufa nawa. Na je wurin Baba ina zaton zai tashi tsaye, ashe ya sani. Ya ce siyasa ce, in aka ci zaɓe sai a sa injin gaske, in aka faɗi kuwa wa zai sa, 'yan Rawaya? Ya mayar da rediyonsa kunne.

Na koma ɗaki na danna in yi sabon saƙo. Na ce "Iyayena," na tsaya, na goge. In na faɗi gaskiya na kashe gidanmu da hannuna, in na yi shiru na tara mata a rana da rantsuwata. Gaba kura baya sayaki. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo, kuma a cikin kukan ne dabara ta zo min, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Wa ke da ruwa a unguwar nan in ba mutumina ba?

Na rubuta masa: "Ina cikin masifa."

Ya amsa nan take: "Wa ya taɓa min ke?"

"Ba a waya ba. Ka zo bakin asibiti yanzu."

Ya iso kafin magariba, da farar shadda da turarensa da nake ganewa tun daga nesa. Na shiga motar na gaya masa komai ban rage ba. Na roƙe shi abu ɗaya: ya turo ruwansa ta bayan katanga gobe, a riƙa ƙara wa tankin a ɓoye har matan nan su gama ɗiba. Daga baya ni zan tsaya a kan Yaya sai ya kawo injin, ko da gadona za a sayar. Na ce ya yi don ni, ya manta da Shuɗi da Rawaya na yini ɗaya.

Ya miƙo min hankici. Ya yi ta tambaya ina ta amsawa: yaushe Honarabul zai iso, ta ina za a shigo, ina masu hoto za su tsaya. Na ɗauka kulawa ce. Da zan fita ya ce:

"Share hawayenki. Na yi miki alkawari, ba macen da za ta koma gida da bokiti wayam."

Na ce tsakanina da shi ne fa. Ya ce haba, sai ka ce ban san shi ba. Na koma gida da sanyi a zuciyata, har abinci na ci.

Asabar da safe na sa leshin nan, Umma ta ɗaura min ɗankwali da kanta ta ce na yi kyau kamar amarya. Na karyo kwanar fili. An kwashe kwano, an kafa rumfuna. Layin bokitai kuwa ya taso daga bakin famfo ya wuce ƙofar asibiti ya sha kwana, ban ga ƙarshensa ba. Na roba, na ƙarfe, jarkoki, tukwane, ga bahon Maman 'Yan Biyu kamar yadda ta faɗa. Mata suka yi ta ɗago min hannu suna sa min albarka, kowace albarka ina jin ta kamar mari.

Yaya na ta kai-komo, rigarsa ta jiƙe a baya. Ya sa matasan jam'iyya sun tura layin baya, aka bar matan da aka zaɓa a gaba. Ni ina tsaye da faranti mai almakashi da kofi, waya a ɓoye ƙarƙashin mayafi ina rubuta wa Injiniya. "Ka taso?" "Ina hanya, amaryata." Na leƙa bayan katanga, ba ruwansa ba dalilinsa.

Honarabul ya iso rana ta take. Aka yi jawabai, aka yanke ƙyalle, aka murɗa famfo, ruwa ya zubo fari tas. Wallahi shewar da matan nan suka yi sai da ta sa ni ƙwalla. Aka ba ni kofin farko na sha a gaban kyamara, a matsayina na ma'aikaciyar lafiya.

A tsarin Yaya, nan ne Honarabul zai shiga mota. Amma mutumin ya ɗaga ido ya ga taron da bai taɓa samu ba tun da ya fara takara, sai daɗi ya kwashe shi. Ya naɗe hannun riga ya ce ba inda za shi, da hannunsa zai cika wa iyayensa mata bokitai, a buɗe layi. Yaya ya raɗa masa magana, ya ture shi yana dariya. Har yanzu ban sani ba, ko bai san abin da ke cikin tankin ba ne, ko tafi ne ya mantar da shi.

Bokiti na cika ana janyewa, ni ina kallon bakin famfo ina kallon waya. "Ruwan ya fara raguwa, don Allah." Ya karanta bai amsa ba. Na kira ba a ɗauka ba. Sai na tuna da Iya. Na ajiye farantin na kutsa cikin mata, na same ta can baya zaune a kan bokitinta da ta kife, yarinyar na barci a bayanta. Na ce a raina ko kowa zai rasa, ita kam sai ta samu. Na kamo hannunta na ja ta gaba, mata na buɗe mana hanya saboda ni.

Honarabul na ganin tsohuwa da goyo ya ce a matso da kyamara. Ya karɓi bokitin da hannu biyu, ya durƙusa, ya tara. Famfon ya zubo siriri, ya yi tari, ya tofo wani jan ruwa mai tsatsa da ko gindin bokitin bai rufe ba, ya yi shiru. Honarabul ya murɗa hagu ya murɗa dama. Filin ya yi tsit, har kukan yarinyar Iya da ta farka ana ji daga ko'ina.

A cikin shirun nan lasifika ta tashi daga kwanar tasha.

'Yan garuwa ne a jere, kura bayan kura, an yi wa kowace sabon fenti rawaya. A gabansu buɗaɗɗiyar mota, a kanta Injiniya da hularsa rawaya da makirufo a hannu. Sai a lokacin na lura da mai kyamarar da ke kan rufin shagon tela, wanda tun safe yake can na ɗauka na Honarabul ne. Fentin ya bushe sarai. Wato tun jiya da na fita daga motarsa aka fara shafawa, ni ina gida ina cin abinci.

Ya yi sallama da muryar nan da ke kirana a hankali, ya ce yau ruwa kyauta ne daga jam'iyyar Rawaya. Sannan ya shiga zayyanawa: tankar da ta zo jiya da la'asar, wayar lantarkin da ta ƙare a ciyawa, rabin tanki, ƙarafa masu tsatsa, motar ɗan ciyaman. Yadda na faɗa masa haka ya jero su. Gadona kawai ya tsallake, ya yi min kara.

Na juya. An riga an tura Honarabul mota. Yaya na tsaye yana kallona, don ya san waɗanda suka ga wayar nan a ciyawa. Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa gani ya yi a bainar jama'a ba, shi ma ni yake kallo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mata suka kwashi bokitai suka yi wajen 'yan garuwa, don ƙishirwa ba ta da jam'iyya. Na ji wata tana tambaya ko gobe ma kyauta ne, ɗan garuwa ya ce gobe kamar kullum. Sai dariyar nan ta dawo min, ta mai zaman kashe wando. In aka rufe famfon nan da sunan bincike, wa zai ci gaba da sayar da ruwa layi-layi? Ashe shi da Yaya duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ba wadda ta zage ni, da sun zage ni ma da na fi jin sauƙi. Wucewa suke suna kawar da kai. Maman 'Yan Biyu ce kaɗai ta tsaya da bahonta a ka.

"Anti Nas, ashe gidanku da gidan da za ki, duk a ƙishirwarmu kuke ci. Allah ya ba da zaman lafiya."

Aka bar ni da Iya, don ba za ta iya turmutsitsin can ba da gwiwar nan da goyo. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki bokitinta, ta zubar da jan ruwan, ta miƙo min.

"Ke kika ce in zo da shi, 'yata."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Na karɓa, kuma kar ku ce ban san abin da nake yi ba. Na san 'yar ciyaman ce ni, cikin shuɗin leshi tun daga ka har ƙafa. Na san mai kyamara na kan rufi, na san Baba na tsaye a bayana. Amma yarinyar na kuka, kuma ni na auna ta. Na taka na shiga layin Rawaya.

Injiniya na ganina ya diro daga mota, ya karɓi jarka ya zuba min da kansa, yana ɗan juya kafaɗa don kyamara ta same mu sosai. Ya rage murya ya ce ai ya cika alkawari. Na dube shi ina neman mutumin da ya tsaya a ƙofar asibiti yana tambaya ko an sauka lafiya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yana nan, shi ne dai, kuma zuciyata ba ta daina sonsa ba. Na ɗauki bokitin na bi bayan Iya har ƙarshen layi, ruwa na fallatsa a leshin, ƙarfen mariƙin na cin tafin hannuna.

Daga nan na nufi gida. Shuɗiyar ƙofar nan da ba a taɓa rufewa da rana ba, na tarar an sa mata sakata. Na buga, na ji motsi, ba a buɗe ba. Saƙon Umma ya shigo: "Kar ki shigo yanzu. Babanki ya ga hoton." Na buɗe zauren mata na gan shi, ni da bokiti shi da jarka, an rubuta a ƙasa wai har 'yar ciyaman ta dawo Rawaya. Ina cikin kallo saƙon Mai Gyaran Waya ya biyo baya: "Kin ga yadda muka yi nasara? Manya sun ce takarar kansila tawa ce. Yaushe zan turo magabata?"

Muka, in ji shi.

To ga ni nan a ɗakin Iya, kan tabarma, leshin ya bushe a jikina. Ta ba ni wuri ba ta tambaye ni komai ba. Ta tafasa ruwan kamar yadda nake koya musu a asibiti, ta ba yarinyar, ta yi mata wanka, ta wanke 'yan tsummokaranta. Ina son gidanmu, ina son mutumin nan, kuma yau ban san wanda zan iya kallo a cikinsu ba. Ku da kuka saba ba ni shawara, ina saurare, don ni kaina ya kulle.

Wayar na ta haske a cinyata, shi ne yake kira, rana kuma ta fara sanyi. Iya ta jawo bokitin ta karkata shi ta leƙa, ɗan abin da ya rage ya taru a gefe ɗaya. Ta ɗago ta yi min irin kallon da ta yi min ranar awo.

"Anti Nas, gobe kuma ina za mu samo?"